Yadda ake haɗa rizista biyu kafaɗa da kafaɗa

Yaron da ke koyon gyaran rediyo a wajena, nan kusa da kasuwar Wunti a Bauchi, ya kawo mini wani allon na'ura da rizistarsa (ƙaramin abin da ke rage ƙarfin wutar da ke bi ta cikinsa) ta ƙone ƙurmus, har ta bar baƙin tabo. Ya ce, "Oga, sau biyu ina canza ta." Da na duba, mai om 470 ce (om shi ne ma'aunin tirjiyar da take yi wa wuta), mai jure zafin rubu'in wat, kuma bolt 12 na batir ne ke kanta kai tsaye.

Fara da lissafin zafi, domin nan yawancin yara ke tsallakewa. Ka ninka bolt da kansa, ka raba da om: 144 a raba da 470 ya ba da wat 0.31. Ita kuwa iyakarta 0.25. Ko sau goma aka canza ta sai ta ƙone, balle a zafin Afrilu.

Idan babu mai rabin wat a hannu, ɗauko biyu masu om 1000. Launin zobban da ke jikinsu, masu nuna lambar om: ruwan ƙasa, baƙi, ja. Ka jera su gefe da gefe, ka murɗe ƙafafun dama wuri ɗaya, na hagu ma haka. Wuta ta samu hanya biyu ke nan, kamar a buɗe wa masallata ƙofa ta biyu bayan Juma'a. Tirjiyar ta koma om 500, kowacce na ɗauke da wat 0.144 kacal. Bambancin 470 da 500 ba ya damun yawancin na'urori.

Haka ake yi kuma idan lambar da kake nema ta yi wuya a kasuwa: biyu masu 150 su ba ka 75. In ba iri ɗaya ba ne, ninka su ka raba da jimlarsu. Mai 100 da mai 300 ma 75 za su ba ka, amma a nan ka kula sosai: ƙaramar ce ke shan kashi uku cikin huɗu na wutar, ita za ta fara ƙonewa. Shi ya sa ni na fi son tagwaye.

Auna da mita kafin ka liƙa da dalma. Dole amsar ta gaza ƙaramar cikinsu. In ba ta gaza ba, wata ƙafa ba ta kama ba. Ka ɗan ɗaga su daga allo, ka bar tazara tsakaninsu don iska. Kunna na minti biyar, cire batir, sannan ka taɓa da yatsa. Ɗumi ba laifi, amma in ba ka iya riƙewa, koma guda uku masu om mafi yawa, ka sake lissafi.