Kukan Inji a Sifikar Mota: Yadda Ake Gano Ta Inda Yake Shiga

Idan ka tayar da mota sai wani siririn kuka ya taso daga sifika, ka taka totur ya ƙara tsini, ka saki ya sauko, to wutar inji ce ta sami hanyar shiga layin sauti. Yawancin masu mota sukan wuce kai tsaye su sayi abin tace kuka su maƙala. Wani lokaci yakan rage shi, amma ciwon yana nan ƙasa. Aikin da ya fi kyau shi ne a bi layin daga sifika zuwa rediyo, ana cire abu ɗaya a kowane mataki, har a kama ƙofar da kukan ke bi.

Ka tanadi mita mai auna bolt da om, sifana mai lamba 10, samfefa, wayar RCA (mai kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai lafiya wadda tsawonta zai kai daga gaba zuwa but, da guntuwar waya mai kauri ta gwaji. A yi aikin a fili saboda hayaƙi, giya a firi, birkin hannu a ja.

Saurari kukan tukuna

Kunne ne mita ta farko. Kukan altaneta, na'urar da ke cajin batir, fito ne siriri kamar na sauro, yana hawa da sauka tare da totur. Dalilinsa: altaneta wutar AC take samarwa, dayod da ke cikinta, yawanci shida, su ke mayar da ita DC irin ta batir, kuma ba ta fita sumul, tana da 'yan tudu-tudu. A altaneta irin ta yawancin motoci akan sami tudu 36 a kowane zagaye, ita kuwa tana juyi ninki biyu zuwa uku na gudun inji. Inji na silo a 800 ke nan kukan yana wajen bugu 1,200 a daƙiƙa, inda kunnen mutum ke ji sosai. Shi ya sa ɗan kaɗan ma yake damun mutum.

Kukan fulogi daban ne. Shi tas-tas-tas yake yi kamar ana fasa gyaɗa. Inji mai silinda huɗu yana tartsatsi biyu a kowane zagaye, wato wajen 27 a daƙiƙa a silo, kuma in ka taka totur sai ya koma kamar ɓarin tsakuwa a kan kwano. Hanya mai sauƙi ta rarrabe su: ɗaga inji kaɗan, ka murɗa makulli baya zuwa inda rediyo ba ya mutuwa. Na fulogi yakan yanke nan take, na altaneta kuwa yakan sauko a hankali har inji ya tsaya.

Kukan da ba ruwansa da totur, ba na inji ba ne. Kunna ka kashe fankar na'urar sanyaya, waifa, da fitilun gaba ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayayen fitila na LED masu araha sun yi ƙaurin suna wajen lalata tashoshin FM. Idan kuma akwai huci "shhh" ko inji a kashe, wannan daga amfilifaya ne da aka buɗe wa ƙarfi fiye da kima.

Kafin ka kwance komai, zare cajar waya. Wayar hannu da ke caji a soket ɗin mota kuma tana haɗe da rediyo ta igiyar AUX tana daga cikin manyan masu jawo wannan fito. In ya ɗauke da zare caja, ka gama.

Me ya sa wayar bodi ce aka fi zargi

A mota, ƙarfen bodi shi ne hanyar da wuta ke komawa nagetif ɗin batir. Rediyo yana ɗaure da bodi a gaba, amfilifaya tana ɗaure a baya. Muna ɗauka wuraren biyu duk sifiri ne, alhali ƙarfe mai walda da tsatsa da fenti yana da ɗan turjiya. In aka sami bambanci ko na ɗan ɓurɓushin bolt ne tsakaninsu, sai wuta ta nemi wata hanya, hanyar kuwa ita ce rigar waje ta wayar RCA da ta haɗa su. Tudu-tudun altaneta suka hau wannan riga, amfilifaya ta ɗauke su tamkar kiɗa ta ƙara musu ƙarfi. Duk gwajin da ke ƙasa neman wannan zagaye ne.

Bin layi daga baya zuwa gaba

Doka ɗaya: kashe rediyo da amfilifaya kafin ka zare ko ka cusa RCA. A wasu rediyoyi akwai wani ɗan mitsitsin fis a ciki da ke haɗa rigar RCA da jikin rediyon, kuma zare waya da wuta yana iya ƙona shi. Da ya ƙone, kukan da ka zo magancewa zai ninka.

Fara da zare wayoyin RCA daga jikin amfilifaya, ka tayar da inji. Gwajin ya fi inganci in ka toshe ramukan da kan RCA da aka haɗe tsinkensa na tsakiya da rigarsa, don ramin da aka bari a buɗe shi ma yakan jawo ƙara.

In kukan yana nan, rediyo da RCA ba su da laifi. Duba wayar bodin amfilifaya, wato wadda ta haɗa nagetif ɗinta da ƙarfen mota. Kaurinta ya zama daidai da na wayar fozitif, tsawonta kada ya wuce santimita 45. A kankare fenti da samfefa har ƙarfe ya yi fari, faɗin kwabo, a sa kan waya mai zobe da aka matse sosai, a ɗaure da noti da washa mai haƙora, sannan a shafa giris ko fenti a sama saboda tsatsa. Notin kujera da na bel ɗin kujera ba wurin ɗaurewa ba ne: zarensu yakan zo da fenti ko gam, kuma taɓa notin bel wasa da rai ne. In akwai amfilifaya biyu, a kai wayoyinsu wuri guda.

Kada ka yarda da ido, auna. Sa mita a DC, ka ƙara wa tsinke ɗaya doguwar waya zuwa nagetif ɗin batir, ɗayan a kan notin nagetif na amfilifaya. Inji na aiki, kiɗa na bugawa da ƙarfi. Ƙasa da bolt 0.2 ya yi. In ya doshi 0.5, wurin bai kama ba, a sake wani. Wannan awon ya fi awon om gaskiya, domin silin waya guda ɗaya ma zai nuna maka om kaɗan alhali ba zai iya ɗaukar kaya ba.

In bodi ya yi kyau kukan bai tafi ba, kwance wayoyin sifika daga amfilifaya ka jona wata sifika ta gwaji da gajeriyar waya. Shiru a nan yana nufin wata wayar sifika ta goge ta taɓa ƙarfe, ko kuma akwatin raba murya na ƙananan sifikoki yana zaune kusa da damin wayoyin mota. Naɗin tagullar da ke cikinsa yana ɗaukar kuka ta iska. Matsar da shi taƙi ɗaya kawai yakan isa. Haka nan a lura da jikin amfilifaya: in an ɗaure ta kai tsaye a kan ƙarfe, gwada ɗora ta a kan katako.

To, in kuwa kuka ya ɗauke da zare RCA, mayar da su a amfilifaya ka zare su daga bayan rediyo. Kuka ya dawo? Wayar ce ke kwaso shi a hanya. Shimfiɗa sabuwar RCA ta saman kujeru ka gwada. Sau da yawa za ka tarar an bi da RCA da babbar wayar batir a ƙarƙashin kafet gefe guda, manne da juna, ko kuma wani sukurun ya huda ta. Wuta ta bi gefe ɗaya na mota, sauti ya bi ɗaya gefen. Inda dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera.

Idan sai an jona rediyo kukan ke zuwa, saura abu uku. Zaro rediyon daga mazauninsa ka ɗora a kan tsumma, yana aiki. In ya yi shiru da fitowa, yana kwasar kuka ne daga wayoyin da ke bayansa ko daga ƙarfen da ya riƙe shi. Sai ka zare eriya: in kuka ya tafi, gindin eriya ya yi tsatsa inda ya kama bodi, ko kuma shi ne ya zama hanyar komawar wuta saboda baƙar wayar rediyo, wato wayarsa ta bodi, ba ta kama ba. Ita wannan baƙar waya, cire ta daga damin wayoyin kamfani, inda take tarayya da fanka da fitilu, ka kai ta ƙarfe mai tsabta ita kaɗai. Na ukun shi ne ɗan fis ɗin nan. Rediyo a kashe, auna om tsakanin rigar ramin RCA da jikin rediyon; a yawancinsu ya kamata ka ga kusan sifiri. In ba haɗi, taɓa rigar da jikin rediyo da siririyar waya ka saurara. Shiru ya tabbatar, sai a kai wa mai gyaran rediyo ya canza fis ɗin.

Ƙarƙashin bonet

Wani lokaci kayan sauti lafiyarsu ƙalau, wutar ce ta zo da datti tun daga tushe. Batir mai lafiya yana nuna wajen bolt 12.6 inji a kashe, sannan 13.8 zuwa 14.5 inji na aiki, ko da yake sababbin motoci masu kwamfutar caji sukan hau su sauka da gangan. Batir shi ne babban mai shanye tudu-tudun altaneta, saboda haka batir da ya gaji ko kan batir mai farin gari yana barin kuka ya wuce. A wanke kawunan, a matse.

Juya mita zuwa AC ka auna a bayan altaneta, fitilu da fanka a kunne. Ƙasa da bolt 0.1 shi ne abin so. In ya kai 0.5, da alama akwai dayod da ya mutu, kuma babu abin tacewa da zai rufe wannan. Wasu mitoci masu araha sukan nuna wajen 30 a wannan awo, ƙarya ce ta mitar, a nemi wata. Kuma don Allah kada a cire kan batir inji na aiki da sunan gwada caji. Wutar takan yi tsalle ta ƙone dayod, rediyo, har kwamfutar mota.

Duba igiyar da ta haɗa inji da bodi, da wadda ta haɗa nagetif ɗin batir da bodi. Bayan an sauke inji ko giya akan manta da ta farkon, ko a bar ta sako-sako. Mayar da mita DC ka auna tsakanin jikin altaneta da nagetif ɗin batir, kaya a kunne: kada ya wuce bolt 0.2. Mai amfilifaya babba ya ƙara kaurin waɗannan biyu da wadda ta taso daga altaneta zuwa fozitif, da wayar tagulla zalla. Wayar alminiyam da aka yi wa rufin tagulla ba ta ɗaukar wuta kamar yadda kaurinta ke nunawa.

Ga mai tas-tas, fulogi za a duba. A nemi masu turjiya a ciki, wajen om 5,000. A fulogin NGK harafin R a cikin lambar ne alamarsu, kamar BKR6E. Da dare a buɗe bonet inji na aiki: wayar fulogi da ta tsage za ka ga shuɗin tartsatsi yana tsalle daga jikinta. Tsofaffin motoci suna da ɗan kwandensa kusa da kwayil don kashe wannan ƙara, kuma sau da yawa akan tarar an cire shi an yar.

Sai bayan duk wannan ake maganar abin tacewa. Da farko rage maɓallin ƙarfin shiga na amfilifaya: ɗaga muryar rediyo zuwa kashi uku cikin huɗu, sannan ka buɗe na amfilifaya sannu a hankali, ka tsaya kafin sauti ya fara fashewa. In har da saura, abin raba layi da ake sawa a kan RCA ko AUX yana yanke zagayen wutar, kuma ga matsalar caja da wayar hannu shi ne maganin da ya dace. A sayi mai kyau, domin masu arha suna cinye ƙasan kiɗa. Ƙaramin abin tace wuta na layin fozitif kuma na rediyo ne kawai. Kada a sa shi a wayar amfilifaya, ba zai ɗauki nauyinta ba, zafi zai yi.