Kana son ajiye aiki da wuri? Fara da lissafin abin da ake binka

A majalisarmu ta shayi a Garwa akwai wani ƙanenmu da kullum zancensa ɗaya: yana cika shekara 45 zai ajiye aiki ya huta. Ran nan na ce masa, "Ƙanena, nawa ake binka?" Ya ce ko dala. Muka ɗauki biro. Cikon kuɗin babur, shinkafar mai kanti ta wata biyu, ɗinkin Sallah, da zubin adashin da ya riga ya kwasa: sefa 340,000. Shi kansa sai da ya riƙe baki.

Babban kuskuren ke nan. Bashi a wurinmu sake suna yake yi, sai mutum ya rantse ba shi da shi. Adashi ya fi komai ruɗi. Ku ashirin ne, kowa na zuba 10,000 duk mako, kai ka fara kwasa. Ranar da aka miƙo maka 200,000, naka a ciki 10,000 ne kacal, sauran 190,000 na mutane ne. In ka sa su a sana'a, ka sami rancen da babu ruwa a kansa, madalla. In ka sayi sabuwar waya ko ka ƙara akwati a lefe, to mako goma sha tara za ka yi kana biyan abin da ya riga ya tafi. Gyaran ba wuya: littafi guda, sunan duk mai binka, adadin, da ranar biya. Ka nuna wa matarka ko wani yayanka da kake jin nauyi, don abin da ido biyu kaɗai ya gani saurin ɓacewa gare shi.

Wasu kuma gaggawar zuba jari suke yi alhali kuɗin ruwa na cin su. Wanda ya ranci 50,000 yana ba da 5,000 duk wata, kashi 120 cikin ɗari yake biya a shekara, uwar kuɗin kuma tana nan daram. Wace sana'ar halal ce ke kawo haka? Ban da zancen haramcin riba, wanda malamai sun gama. Ka fara kashe irin wannan bashin, sannan na mai kanti, sannan na 'yan'uwa. Amma ɗan'uwa ma ka je ka faɗa masa rana, kada ka mai da kunyarsa jari.

Wani kuskuren kuma: an gama biya, sai a kwashe komai a sa a kasuwa, ba a bar na ko-ta-kwana ba. Zazzaɓi ɗaya ya kwantar da yaro, an koma gidan jiya. Ka ware abin da zai ciyar da gida wata uku, kuma ba a Orange Money ko MoMo ɗin da kake sayen kati da shi ba. Kuɗin da ke cikin aljihu kowane ɗaurin aure yana jin ƙamshinsa.

Sai inda ake zuba kuɗin, nan ne na fi ganin hawaye. An ce albasar Marwa tana tsada bayan kaka ta wuce, gaskiya ne, amma wanda bai san ajiya ba rabinta zai ruɓe kafin farashin ya motsa. Masakwa da masara sun fi haƙuri, su ma sai da maganin ƙwari. Shanu dukiya ce, in kana zuwa ruga kana ƙirgawa da kanka. Zuwa da kai ya fi aike. Fili kuwa, takardar jauro ko ta lawan, wato masu sarautar gargajiya, shaida ce, ba ita ce takardar mallaka ta gwamnati ba, kuma fili ɗaya an sha sayar wa mutum biyu. Ka je ka gan shi a watan Agusta, ba da rani ba. Waɗanda suka ga ambaliyar Binuwai ta 2012, ko ta Yagwa a 2024, sun san abin da nake nufi.

Kuɗin takarda ma ba a jibge su a kwanta. Iyayenmu ba su manta Janairun 1994 ba, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Masu harka da Mubi da Yola da suka riƙe naira a 2023 sun ɗanɗana irin tasu. Ka raba ƙafa: kaɗan a hatsi, kaɗan a dabba, kaɗan a ɗakin haya. Masu cewa kawo 100,000 ka karɓi ninki bayan wata guda kuwa, ba sai na ɓata tawada a kansu ba.

Na ƙarshe shi ne hutun da ba a yi masa lissafi ba. In gidanka na cin 150,000 a wata, kana ba da hayar ɗaki 15,000, ɗaki goma kake bukata, kullum da mutum a ciki, ba gyaran kwano, ba wanda ya gudu da kuɗin wata uku. Ka ce goma sha uku ke nan. Fanshon CNPS kuma, wato hukumar fanshon ma'aikata ta Kamaru, a ƙa'ida sai shekara 60, da zubin wata 180, kuma 60 daga ciki dole su faɗo a shekaru goman ƙarshe. Wanda ya tsaya cak a 45 zai iya rasa wannan sharaɗin. Tun 2014 an buɗe wa ɗan kasuwa, tela da mai acaɓa ƙofar zubi da kansu, don haka ko ka bar aikin albashi ka je ofishinsu ka tambayi yadda za ka ci gaba.

Ƙanen namu dai ya biya mai kanti, saura cikon babur da mako shida na adashi. Yanzu 50 yake cewa, ba 45 ba, kuma littafin na cikin aljihun gaban rigarsa.