Gasar kodin mai agogo: inda 'yan koyo suka fi cin tuntuɓe

Mutum zai shiga gasar LeetCode, wani shafin intanet da ake gasar rubuta kodin kwamfuta, sau ɗaya, minti 90 tambaya huɗu, ya warware ɗaya da ƙyar, shikenan ya ce kodin ba nasa ba ne. Malam ai aikin agogon kenan, ya tona maka inda kake da rauni, abin da kallon darasi a YouTube ba zai yi maka ba don can wani ne ke yin tunanin kai kana gyaɗa kai.

Wanda ya fi kayar da mutane shi ne fara rubutu kafin a karanta iyakar lambobin da ke ƙasan tambaya. In an ce n, wato yawan lambobin da za a ba ka, zai kai 200,000 kuma sakan 2 aka ba ka, kai kuma ka sa lup cikin lup (wato kowace lamba sai ka sake bi ta kan duk lambobin), lissafi biliyan 40 kenan fa, kwamfutar da a sakan ɗaya kamar miliyan ɗari take yi, ina za ta kai? Tsaya ka duba n tukuna, shi zai gaya maka ko jera lambobin za ka fara yi ko wata dabarar. Masu rubutu da yaren C++ kuma a kula, ma'ajin lamba na int ba ya wuce 2,147,483,647, in jimilla za ta haura nan a sa long long da ya fi shi girma.

Sai tura amsa da ka, ba gwaji. A LeetCode da AtCoder (wani shafin gasar shi ma) duk amsar da ta faɗi tarar minti 5 ce, gwada n daidai da 1 da kanka kafin ka danna.

Wasu kuma tambaya ɗaya za su riƙe har a tashi. Tsallake kawai.

Amma babbar asarar bayan gasa ake yin ta, a rufe laftof a tafi. Tambayar da ta gagare ka ita ce darasin ranar, ka sake zama da ita ba agogo, in ta ƙi ka karanta bayanin da masu gasar suke fitarwa, ka rufe shi ka rubuta da hannunka. Kwafowa daga ChatGPT kuwa ana cikin gasa, maki zai hau kan kuma ba komai, kuma ana korar mutane a kai.

In wuta ko data ce matsalar, shafin gasa na Codeforces na barin ka yi tsohuwar gasa da agogonta duk lokacin da ka samu caji, fara da Div. 4, rukunin da ya fi sauƙi. Ta AtCoder ta 'yan koyo yawanci Asabar ce ƙarfe 1 na rana agogon Najeriya da Nijar, minti 100.