Kurakuran da ƙananan 'yan kasuwa ke tafkawa in za su bar shago su tafi saro kaya

Duk shekara da zarar an fara jin ƙamshin azumi, sai sababbin shiga kasuwa su kama zumuɗi. Wannan zai gangara Legas, wancan Kwatano ko Lome, mai ɗan ƙarfi kuma yana fafutukar bizar Sin ko Dubai. Babu laifi a tafiya, kakanninmu ma da jakuna suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro, su yi watanni ba a gan su ba. Abin da ya ishe ni shi ne, ɓarnar da na gani bara ita nake gani bana, kuma mutum ya dawo ya tsuguna a bakin shago yana cewa an yi masa hannu, ko yaro ya cuce shi. Ni atamfa da shadda da leshi na sani, a kasuwar Kwari ta Kano, amma maganar ta shafi mai sayar da waya, da mai kayan masarufi a Singa, da matar da ke tallar kayan kicin ta WhatsApp daga ɗakinta.

Wanda ya fi kowanne muni shi ne miƙa wa yaro makulli ba a ƙidaya kaya ba, ba a kuma gaya masa iyakarsa ba. Sai ka ji maigida ya ce, "Ai ɗan gida ne, amana ce tsakaninmu." To, wannan amanar ta taɓa cin mini kuɗin da har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ɗan yayata na bar wa shago, yaro mai natsuwa, ban taɓa kama shi da kwabo ba. Da na dawo na tarar da kanta ta yi fayau, abin da ke asusu kuwa bai kama ƙafar kayan da suka fita ba. Na ce, "Kai, ina kayan nan suka shiga?" Ya jawo littafi ya buɗe mini. "Kawu, ga su nan duk na rubuta. Hajiya ta aiko a ba ta leshi na biki, ta ce kun riga kun yi magana. Baffa kuma da kansa ya zo ya ɗebi shadda, ya ce in ka dawo za ku daidaita. Ni kuwa Kawu, da wane bakin zan ce wa Baffa a'a?"

Da wane bakin kuwa? Yaron da aka rena a kan ya durƙusa ya gaida manya, shi za ka bari ya tare ƙofa wa sa'an ubansa? Ku sani, akwai mutanen da tafiyarku kawai suke jira. Sun san in kana zaune ba za su iya kallon idonka su nemi bashi ba, saboda na baya ma ba su biya ba. Ranar da suka ji ka ɗaga, ranar za su yi wanka su zo da "Alhaji ya ce a ba ni". Wasu daga cikin basussukan nan har yanzu suna cikin littafi, domin in ka matsa a biya, zumunci ne zai tsinke, a kuma ce kai ne maras mutunci.

Abin da nake yi yanzu, ana gobe zan tashi nakan rufe shago da wuri. Ni da yaro da maƙwabcin shagona mu ƙirga komai, turmi-turmi, bandir-bandir, har da na sito. A rubuta, mu uku mu sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Wasu na ganin wannan cin fuska ne ga yaro. Ni kuwa na ga gata ne, domin ranar da lissafi ya ƙi fita, takardar ce za ta wanke shi. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, take umartar mu da rubuta bashi da kafa shaidu, ban san inda muka samo kunyar biro da takarda ba. Bayan haka nakan rubuta da manyan baƙi in manna a bango: ba a ba da bashi sai maigida na nan. Duk wanda ya zo, ko wane ne, yaro ya nuna masa bango ya ce, "Ka yi haƙuri Baba, dokar Kawu ce." Laifin ya dawo kaina, ni kuwa na iya ɗauka.

Sannan a ba shi farashi biyu a kan kowane kaya: wanda zai fara faɗa, da wanda in an sauka ƙasa da shi ya ce albarka. In ba ka yi haka ba, ko dai ya kori masu saye don tsoron ragi, ko ya karyar da kaya don a ce ya yi ciniki. Kuma farashin nan ba a barinsa ya kwana biyu ba a duba ba. Waɗanda suka yi tafiya bayan Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023 sun ga abin da nake nufi. Dalar da gwamnati ke bayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Maigida na can yana saye da sabon canji, yaro na nan yana sayarwa da tsohon farashi yana murna kasuwa ta buɗe. Kuɗin da za ka sake saro kayan da shi, shi ne ma'auni, ba wanda ka saya da shi wata uku da suka wuce ba. Ni duk safiya sai na tambayi 'yan canji na Wapa yadda aka tashi, ko ina wace ƙasa, in abin ya motsa in aika wa yaro gyara.

Kuma don Allah ku biya yaran nan. Ka ɗora wa mutum dukiyarka ta miliyoyi, ka dawo ka ba shi turare da hula a matsayin tsaraba? Ka yanka masa kamasho a kan cinikin da ya yi a bayanka, ka faɗa masa tun kafin ka tafi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yaron da ke yini da yunwa a kan aljihun tebur cike da kuɗi kuwa kai ka tsaga bangon da hannunka.

Na biyun da ke ƙona mini rai shi ne kwashe jari kaf a tafi da shi. Mutum ya karyar da kayan da ke hannunsa don ya haɗa kuɗi, ya karɓi adashi, ya ranto na matarsa, ya bar shago da ragowar kalolin da ba mai so. Kayan da ya saro kuwa in ta ruwa za su zo daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin, tsakanin lodi da tafiyar jirgi da fitowa daga hannun kwastan a Legas da hawowa Arewa, wata biyu ma an yi sa'a. A tsawon wannan lokacin mai sayen da ya saba da kai ya zo sau ɗaya, sau biyu, bai samu ba, ya gane hanyar shagon maƙwabcinka. Kayanka na isowa ka tarar babu mai jiran su, ga zubin adashi, ga kuɗin haya, ga mai bashi a ƙofa. Ni ba na tafiya da fiye da kashi 2 cikin 3 na abin da ke hannuna, kuma kayan da suka fi gudu sai na cika kanta da su kafin in tashi, ko da a nan cikin kasuwa zan saro su da ƙaramar riba. Wasu abokaina na cewa tsoro ya yi mini yawa. Su je, ni dai haka nake yi.

A nan ne kuma ya kamata mutum ya tambayi kansa ko tafiyar ma ta kama. Ka haɗa tikiti da biza da masauki da abinci da la'adar ejan da kuɗin kago, ka raba a kan yawan kayan da za ka ɗauko. In abin da ya hau kan kowane turmi ya cinye bambancin farashin can da na dilolin Kwari, to yawon buɗe ido ka je, ba fatauci ba. Da yawa son a ce "ya tafi Caina" ne ke kai su, su ɗauki hoto a filin jirgi su dawo da jarin da ya rame. Mai ƙaramin ƙarfi ya ba da sautu ga wanda ya yarda da shi, ko su haɗu su huɗu su biyar su tura mutum ɗaya, har Allah Ya sa jarin ya yi ƙwari.

Rashin duba kalanda ma na nan. Masana'antun Sin kan rufe na makonni saboda bikin sabuwar shekararsu, ma'aikata su watse garuruwansu. A 2025 bikin ya faɗo 29 ga Janairu, mu kuma muka ɗauki azumi 1 ga Maris. Duk wanda ya je a Janairu da niyyar kayan Sallah ta ruwa ya makara, domin teloli tun tsakiyar azumi suke daina karɓar ɗinki. Azumi na matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara, saboda haka lissafin bara ba zai yi maka bana ba. Haka lokacin baje-kolin Canton da ake yi a Guangzhou, a Afrilu da Oktoba, kuɗin otal a garin kan yi tashin gwauron zabi, in ba baje-kolin ya kai ka ba ka kauce masa. Masu tafiya Umara a goman ƙarshe kuma, ban isa in hana kowa ibada ba, Allah Ya karɓa. Amma in takalma ko huluna ko kayan yara kake sayarwa, ka san cinikin shekara ka bari a baya, sai ka ninka shirin da za ka yi, kuma kuɗin kujerar ya fito daga ribar da ka ware, kada ya fito daga uwar kuɗi.

Sai maganar waya. Mutum ya sauka Sin ya tarar WhatsApp da Facebook da Gmail duk a toshe, bai sauke WeChat ba, manhajar saƙo da kira da ke aiki a can, bai tanadi hanyar zagayewa ba tun daga gida, layin da banki ke turo masa lambar sirri kuma ya bar shi a aljihun wata riga a Kano. Ga kuɗi a asusu, ga kaya a gabansa, ba halin biya. Ka je ofishin kamfanin layinka a buɗe maka shi ya yi aiki a waje, ka gwada manhajar bankinka, ka buɗe wa yaron shago WeChat ku gwada kira kuna zaune wuri ɗaya. Kuɗin ciniki kuwa ya shiga asusun shago, na'urar POS ma da sunan shago. Kada ka kuskura ka ce a riƙa turawa asusun yaro "kafin in dawo". Kuma tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, da kowa ya koma taransifa, masu alat na bogi suka ƙware. Dokata ita ce kaya ba ya fita sai an ga kuɗin a cikin manhaja, saƙon tes ko hoton rasit ba hujja ba ne.

Akwai kuma masu wuce gona da iri, kowace awa suna kan waya: wa ya zo, me ya saya, nawa ya bayar. Sin na gabanmu da awa 7, Dubai da 3, Saudiyya da 2. Lokacin da ake rufe Kwari da yamma, a Guangzhou dare ya raba. Ka hana kanka barci, gari ya waye ka shiga kasuwa ido na lumshewa, a nuna maka samfur mai kyau a ɗaure maka wani daban. Ni sau ɗaya nake karɓar rahoto a yini: in an tashi, yaro ya ɗauki hoton shafin ranar ya turo da saƙon murya, in duba bayan sallar asuba. Abin da ya fi ƙarfinsa ya tambayi maƙwabcin da ya yi mana shaida.

Sauran ƙanana ne, amma suna cizo. Ka bar wa gida kuɗin cefane da na makaranta da na ko-ta-kwana daban, in ba haka ba kullum sai an aika shago a karɓo, lissafi ya dagule. Kada ka sa a sitatus cewa ka tafi, ɓarayi ma suna da waya. A ɗaga kaya daga ƙasa in damina ce, waɗanda ruwa ya shiga shagunansu a Kwari a 2022 ba sa buƙatar a tuna musu, a kuma kashe wuta daga babban makunni kullum in an tashi. Fasfo ya kasance da saura aƙalla wata 6. Mai bi ta Seme, iyakarmu da Jamhuriyar Benin, ya riƙe katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, in ba haka ba zai yi ta ciro kuɗi a kowane shinge. Kuɗin waje in ya haura dala 10,000 a bayyana wa kwastan. Kowane kwali a rubuta masa suna da lambar waya ta kowane gefe, a riƙe takardar lodi. Kada ka karɓi jakar kowa ko ƙullin kowa a filin jirgi, ko da tsohuwa ce tana roƙonka da Allah, an sha ɗaure bayin Allah a kan ƙwayar da ba su san da ita ba.

In ka dawo kuma, kada ka bari a yi kwana uku ana sannu da zuwa ana rabon tsaraba. Washegari da sassafe ka kira yaro da maƙwabcin nan, ku ɗauko takardar da kuka sa wa hannu, ku sake ƙirgawa kafin sabon kaya ya shigo ya cakuɗe da tsoho. In lissafi ya fita, ka ba yaro kamashonsa nan take a gaban shaida. In bai fita ba, ku rufe ƙofa ku bi littafin shafi-shafi, kada ka ɗaga masa murya a gaban 'yan kasuwa, domin sau da yawa giɓin yana cikin wani ciniki da aka manta ba a rubuta ba ranar da shago ya cika.