Kurakuran da aka fi yi a zaman waƙar farko na ɗalibin Karnatik

A Kudancin Indiya, ranar da ɗalibin Karnatik, waƙar gargajiyar yankin, zai fara rera waƙa gaban jama'a ana kiranta arangetiram, wato hawa dandamali da harshen Tamil. Zama ne na awa biyu ko fiye, a tanƙwashe, mai goge a gefe guda, mai gangar miridangam a ɗaya gefen.

Kuskuren farko na iyaye ne. Sai sun kama zaure sun buga katin gayyata, sannan su tambayi malami ko yaro ya nuna. Malami ne ya kamata ya sa rana.

Inda aka fi faɗuwa kuwa shi ne tala, ma'aunin kiɗan da mawaƙi ke ƙirgawa da hannu a kan cinyarsa. Adi tala bugu takwas ce: tafi da yatsu uku, tafi da juya hannu, tafi da juya hannu. Tsoro na sa hannu gudu, murya ta bi shi, kafin a ankara yaro ya baro mai ganga a baya. Maganinsa a riƙa rera warnam, waƙar buɗe zama, a hankali sannan a ninka saurin, hannu bai canza tafiya ba. A kuma yi gwaji da mai gangar tun da saura makonni. Idan ya shiga kiɗansa shi kaɗai, kada ɗalibi ya ɗauka hutu ya samu. Hannunsa ne ke riƙe da ƙirgen, kuma dole ya dawo cikin waƙar daidai inda ya bar ta.

Wasu kan ɗaga muryar tambura don a ji su da zaƙi, sai maƙogwaro ya dishe tun zama bai yi rabi ba. (Tamburar nan mai tsirkiya ce, ita ke riƙe wa mawaƙi muryar da zai bi, ba tamburan fada ba.) A tsaya kan muryar da aka saba.

Sai kalmomi. Tiyagaraja, shahararren mai tsara waƙoƙin Karnatik wanda ya rasu a 1847, yawancin waƙoƙinsa da harshen Telugu ya yi su. Ɗalibin da bai san ma'ana ba yakan ja numfashi a tsakiyar kalma ya raba ta biyu. A fara sanin fassarar kowane baiti.

Alapana, inda mawaƙi ke warware raga, wato tsarin sautukan da ake gina waƙa a kai, ba ganga, ba haddace ta ake yi ba. Tsofaffin masu sauraro a birnin Cennai nan take suke gane hadda. A ganina gara minti biyar a Mohanam, raga mai sauti biyar da yaro ya san lungunansa, da minti ashirin na aro a ragar Todi.