Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Nazarin Farfaganda a Finafinan da Ba Su Magana

Duk wanda ya karanta rubutun masu nazarin tsofaffin finafinai zai ci karo da wannan jumla ko 'yar'uwarta: wai a shekarar 1905 sojojin Sarkin Rasha sun yi wa jama'a kisan gilla a kan matakalar birnin Odesa. Mai rubutun bai samo wannan a littafin tarihi ba. A fim ya gani, fim ɗin Battleship Potemkin na Sergei Eisenstein, wanda ya fito a 1925. Gaskiya ne matuƙan jirgin yaƙin Potemkin sun yi bore a watan Yunin 1905, kuma naman da ya yi tsutsa ne ya tayar da wutar. Gaskiya ne an kashe mutane da yawa a Odesa a kwanakin, musamman wajen tashar jiragen ruwa. Amma kisan da ake gani a kan matakalar nan, darakta ne ya tsara shi. Ka ga wanda ya zo nazarin farfaganda, ita ta fara kama shi tun bai ɗauki alƙalami ba.

Gyaran wannan ba wuya: kafin ka kunna fim, tambayi wa ya sa a yi shi, da kuɗin wa, don wane biki. Gwamnatin Tarayyar Sobiyet ce ta ba da aikin Potemkin don cikar juyin 1905 shekara 20, aka fara nuna shi a zauren Bolshoi na Mosko a watan Disambar 1925. Haka fim ɗinsa October na 1928: hotunan dandazon mutane suna afka wa Fadar Hunturu, tsohuwar fadar sarakunan Rasha, a juyin juya halin 1917, shiri ne da dubban 'yan wasa, amma an sha yanko su ana sakawa a shirye-shiryen tarihi kamar an ɗauke su ne a 1917. Kuma kada a zaci 'yan gurguzu kaɗai suka yi haka. Fim ɗin Birtaniya The Battle of the Somme na 1916, kan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda aka sayi tikitinsa kusan miliyan 20 cikin makonni shida, akasarinsa ɗaukar gaske ce a fagen daga, amma sin ɗin da ya fi girgiza mutane, inda sojoji ke fita daga rami wasu suna faɗuwa, an shirya shi ne a bayan fage, nesa da harsashi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne ba da labarin fim a madadin nazarinsa. Mutum zai cika shafi uku yana cewa sai sojoji suka sauko, sai aka harbi yaro, sai uwarsa ta ɗauke shi, sannan ya rufe da cewa wannan farfaganda ce mai ƙarfi. To ina ƙarfin yake? Ai ba a labarin yake ba, yana wajen yanka da haɗi, aikin da 'yan fim ke kira editin. Zauna da sin ɗin matakalar nan da takarda da biro. Tsayar da shi a kowace yanka, ka rubuta abin da kyamara ta nuna, daga wane nisa, na daƙiƙa nawa. Za ka lura da abin da ido ba ya kamawa a kallon farko. Sojojin kusan ba su da fuska: takalma ne, da bakin bindiga, da inuwa mai tsawo a kan dutse, suna saukowa a jere, taku ɗaya. Waɗanda ake kashewa kuwa kowa da fuskarsa kusa da kai: tsohuwa mai tabarau, gurgu marar ƙafafu, uwa mai ɗauke da ɗanta tana hawa sama ita kaɗai alhali kowa yana gudu ƙasa. Matakalar taku 192 ce, mai gudun ceton rai zai gama da ita nan da nan, amma Eisenstein ya ja lokacin, yana maimaita motsi ɗaya daga kusurwa daban-daban, har wani keken jariri da ya kuɓuce daga hannun uwarsa ya yi ta gangarawa kamar ba zai isa ƙasa ba. Daga nan sai zakuna uku na dutse, ɗaya a kwance, ɗaya ya farka, ɗaya ya yunƙura. Gumaka ne uku daban da aka ɗauka a wata fada a Alupka da ke Kirimiya, amma da aka jera su sai ka rantse zaki ɗaya ne ya miƙe don fushi. Wanda ya rubuta wannan ya yi nazari. Ya nuna mana hanyar da aka bi aka shiga zuciyarmu.

Akwai masu raba fim gida biyu, su ce fasaharsa daban, saƙonsa daban. An fi yi wa The Birth of a Nation na D. W. Griffith wannan, fim ɗin Amurka na 1915 mai tsawon kusan awa uku. Sai ka ji an ce wariyar launin fatar da ke ciki abin takaici ce, amma a ajiye ta gefe a yaba gwanintar darakta. Ba ta ajiyuwa. Dubi ƙarshen fim ɗin: fararen fata sun maƙale a wata bukka, baƙaƙen sojoji sun kewaye su, ga mahayan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu kashe baƙaƙe, sun sako dawakai a guje. Kyamara ta je bukka, ta koma kan mahaya, ta dawo bukka, kowace ɗauka ta fi ta baya gajarta, makaɗa kuma suna buga kiɗan Wagner, mawallafin kiɗa na Jamus. Wannan kai-komon shi ne ke sa ɗan kallo ya riƙa addu'ar 'yan ta'adda su iso da wuri. Gubar a cikin zumar take, ba a gefen kwano ba. Manyan rawar baƙaƙen fata ma Turawa ne suka shafa baƙi suka taka. A watan Nuwamban 1915 aka farfaɗo da ƙungiyar Klan a Dutsen Stone da ke jihar Jojiya, ta kuma yi shekaru tana amfani da fim ɗin wajen jawo mabiya.

Sai mai cewa ai haka mutanen zamanin suke tunani, kada mu auna su da ma'auninmu. Wane mutane? Ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, ta yi ta fafutukar a hana nuna fim ɗin tun fitowarsa. William Monroe Trotter, ɗan jarida baƙar fata, ya jagoranci zanga-zanga a Boston har aka kama shi. Oscar Micheaux, baƙar fata, ya fito da Within Our Gates a 1920, ya nuna wa duniya su wa ke rataye su wa a kudancin Amurka. Idan ka ce kowa ya yarda a lokacin, ka share waɗannan bayin Allah daga tarihi, ka gama wa Griffith aikin da ya fara. Kuma a daina cewa shi ya ƙirƙiro ɗaukar fuska daga kusa. George Albert Smith ya yi ta a Ingila tun 1900.

Wani tarkon shi ne yarda da kwafin da ka samu a intanet. Da hannu ake juya kyamarar wancan zamani, galibi hoto 16 zuwa 20 a daƙiƙa. Da fim mai magana ya zo aka tsayar da 24. Idan aka kunna tsohon fim da sabon gudu, sai ka ga mutane suna tsalle-tsalle kamar 'yan wasan barkwanci, mai nazari kuma ya rubuta cewa 'yan wasan da ba su iya ba. Ba laifinsu ba ne. Launi ma haka: ana rina fim shuɗi don dare, ja don gobara, ruwan ƙwai don cikin ɗaki. Tutar da matuƙan Potemkin suka ɗaga, da hannu aka shafa mata ja a kan fim ɗin, hoto bayan hoto. A kwafi marar launi fara za ka gan ta, farar tuta kuwa alamar miƙa wuya ce, ma'ana ta juye ke nan gaba ɗaya. Fim ɗin ya buɗe ne da kalaman Trotsky, ɗaya daga cikin jagororin juyin gurguzu, da ya faɗi daga mulki aka cire aka sa na Lenin, shugaban Sobiyet na farko, sai a gyaran da aka yi a Balin a 2005 aka mayar da na asali. Masu tace finafinai na Jamus su ma sun yanke nasu. Saboda haka faɗi kwafin da ka kalla, na wace shekara, da kiɗan wa. In ba haka ba, kai da mai karanta ka kuna iya yin gardama a kan finafinai biyu daban kuna zaton ɗaya ne.

Zancen kiɗa ya kawo mu ga sunan kansa. Fim ɗin ne ba ya magana, amma zauren ba shiru yake ba. Akwai mai piyano, ko tawagar makaɗa, wani wurin har da mai sharhi a tsaye. A Japan ana kiransa benshi, kuma wasu don shi suke sayen tikiti. Kiɗan da Edmund Meisel ya yi wa Potemkin a Jamus a 1926 yana cikin abin da ya tayar da hankalin hukumomi a can. Mu da iyayenmu suka ba mu labarin majigi, motar gwamnati ta tsaya a ƙofar fada da dare, an kafa farin ƙyalle, mai fassara yana bayani da Hausa ta lasifika, bai kamata wannan ya shige mana duhu ba. Mun san bakin mai fassara yana iya kai hoto inda mai ɗaukarsa bai nufa ba.

A kula kuma da labaran ƙanzon kurege da ke yawo daga littafi zuwa littafi. Cewa 'yan kallo sun watse da gudu da suka ga jirgin ƙasa ya nufo su a wani fim na 'yan'uwa Lumière, Faransawan da ke cikin waɗanda suka fara sinima, babu shaidar zamanin da ta tabbatar. An nuna fim ɗin Griffith a Fadar White House a 1915, wannan tabbas ne, amma yabon da ake jingina wa Shugaban Amurka Woodrow Wilson cewa kamar an rubuta tarihi da walƙiya, bai inganta daga bakinsa ba. Tushen waɗannan labarai ɗaya ne: son a ɗauki ɗan kallo kamar tunkiya, duk inda aka kaɗa shi ya bi. Niyyar mai fim daban, abin da ya faru a zaure daban. Potemkin ya fi tashe a Balin fiye da gida, inda talakawan Mosko suka fi rububin finafinan Douglas Fairbanks na Amurka. Birtaniya ta hana nuna shi a sinima har 1954. Goebbels, ministan farfagandar Hitler, wanda ke ƙiyayya da gurguzu, ya yabe shi a gaban 'yan fim na Jamus a 1933, yana son su yi masa irinsa. Kowanne cikin waɗannan shaida ce, amma kowacce abu daban take faɗa.

Na bar wannan a ƙarshe don ya shafe mu kai tsaye. Da yawa suna ganin farfaganda sai inda aka ɗaga tuta ana ihu. A 1926 Geoffrey Barkas ya fito da Palaver, wanda ya ɗauka a tsaunukan da ke Jihar Filato a yau, cikin mutanen Sura da Angas. A fuska labarin soyayya ne: Di'o da Bature mai haƙar kuza suna takara a kan wata ma'aikaciyar jinya. Ba gwamnati a allo tana wa'azi. Amma ɗauki takardar nan da biro ka yi masa abin da ka yi wa matakalar Odesa. Ƙirga sau nawa kyamara ta matso kusa da fuskar Bature, sau nawa ta matso kusa da ta ɗan ƙasa. Karanta allunan rubutun da ke shiga tsakanin hotuna, ka ga da wane suna ake kiran mutanen, wa aka ba magana, wa aka bari a matsayin taro mai mashi. Sannan ka duba wa ke shigowa ya kwantar da tarzoma, da inda aka ajiye kyamara a lokacin da yake shigowa.