Yaron da ƙwayoyin tsayar da jininsa suka yi ƙasa: yadda za ki kare kansa

Aikin jinya nake yi a ɗakin yara a Garwa ta Kamaru, kuma da ke nake, uwar da likita ya ce ƙwayoyin tsayar da jinin ɗanta sun ragu.

Ɗauko takardar NFS, gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, ki nemi layin plaquettes, wato ƙwayoyin tsayar da jinin. Na mai lafiya daga 150,000 ne zuwa 450,000; wata takardar 150 kawai za ki gani, dubu ake nufi. In suka sauka ƙasa da 20,000, jini kan ɓalle ba tare da rauni ba. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani na saukar da su, haka sankarar jini, haka cutar da garkuwar jiki ke cinye su da kanta. A wannan ta ƙarshe, yaran da jini ke zuba musu a ƙwaƙwalwa ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, sai dai in ya zuba ba ya jiran gari ya waye.

Maganin ciwo, paracetamol kaɗai. Aspirin, ibuprofen da diclofenac na masu talla a tasha suna ƙara hana jini tsayawa. Ban da allurar ɗuwawu. Wanzami ma ya dakata: ƙaho, tsaga, cire beli, kaciya, duk sai likita ya yarda. In kakarsa ta matsa, ki ce, “Inna, ki yi haƙuri, likita ne ya hana.” Ƙwallo, kokawa da hawan mangwaro, a jingine su.

Haɓon da aka matse hanci minti goma bai tsaya ba, jinin dasashi, ƙurajen jini a baki ko jan fitsari, asibiti a ranar.

Amma ciwon kai mai tsanani, amai, barcin da ake tashinsa da ƙyar, maganar da ta harɗe, hannu ko ƙafa da suka saki, jijjiga, waɗannan na iya nufin jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, ko tsakar dare ne a fita. Ko faɗuwa ya yi ya bugi kai ya miƙe yana dariya, a kai shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ce iska ce a tsaya hayaƙi. A yi addu'ar a mota.

Ki kwantar da shi ta gefe, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu. Ku nufi babban asibiti mai sikana, na'urar ɗaukar hoton cikin kai, da takardar gwajin da 'yan uwan da za su iya ba da jini. Tun daga ƙofa ki faɗi adadin plaquettes ɗinsa na ƙarshe, kar a sa ku a layi.